Yadda Ake Shirya Taron Unguwa Kan Zaman Lafiya da Neman Haƙƙi a Legas

Duk Bahaushen da ya daɗe a Legas ya san cewa rigimar da ke cin rayuka ba ta cika farawa da wani babban abu ba. Rikicin Mile 12 na watan Maris na 2016 ya faro ne daga saɓanin da ya shafi wani ɗan acaba, sai ga shi ya bazu cikin unguwannin da ke kewaye, an rasa rayuka, an ƙona gidaje, har gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar Mile 12 na tsawon kwanaki. Kafin wannan an sha na Ketu a Nuwamban 1999 da na Idi-Araba a Fabrairun 2002. Bayan kowane ɗaya an kira taron sulhu, manya sun yi musafaha, amma a lokacin an riga an binne waɗanda za a binne. Taron da ake bayani a nan shi ne wanda ake kira tun gari yana lafiya, a zauna da maƙwabta a kan matsala guda, a tashi da aikin da aka ɗora wa mutane sanannu da ranar da za su kawo bayani.

Aiki na farko shi ne zaɓen magana ɗaya. Masu shirya taro da yawa suna rubuta "zaman lafiya da haɗin kai" a matsayin maudu'i, mutane su zo su saurari nasiha mai daɗi, su watse ba tare da an taɓa abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ba. Matsalolin mutanenmu a Legas sanannu ne: kamen babura tun bayan haramcin acaba na 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, wanda aka ƙara wa Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu a watan Satumba na wannan shekarar, kuɗin da 'yan tasha ke karɓa a hannun masu lodi da 'yan dako ba tare da rasit ba, kamen kan mai uwa da wabi da ake yi wa 'yan bola jari da masu gadi idan an yi sata a layi, rushe rumfuna ba da isasshen wa'adi ba, da magudanar ruwa da ke toshewa ta cika shaguna da ruwa duk damina. A ɗauki ɗaya daga ciki. Ana gane maganar da ta dace ne idan za a iya rubuta ta cikin layi biyu, kuma akwai ofishin da ke da ikon gyara ta. A ganina wadda ta fi ita ce wadda ke damun Bayarabe da Ibo kamar yadda take damun Bahaushe, domin ita ce za ta sa maƙwabci ya bar shagonsa ya zo ya zauna.

Da an tsayar da magana, sai a tara hujja. Mutum biyu ko uku su ɗauki littafi su zaga wurin waɗanda abin ya shafa, su rubuta rana da wuri da abin da ya faru da adadin kuɗin da aka karɓa, su ɗauki hoton rasit ko takardar wa'adi idan akwai. Wanda bai yarda a rubuta sunansa ba kada a matsa masa. Jami'in gwamnati yana iya kawar da kai daga "ana zaluntarmu", amma da wuya ya kawar da kai daga takarda mai ɗauke da ranaku da wurare.

Mataki na gaba shi ne kafa ƙaramin kwamiti, mutum bakwai zuwa tara, da shugaba da sakatare da ma'aji. Kada a cika shi da attajirai da masu rawani kawai. A sa wakilin masu sana'ar da abin ya shafa, ko mahauci daga mayankar Oko-Oba ne, ko ɗan gwari daga Mile 12, ko ɗan acaba. A sa mata aƙalla biyu, domin su ne ke zaune a gidajen haya tare da matan wasu ƙabilu, kuma su ne ke fara jin ƙishin-ƙishin idan zaman ya fara tsami. A sa haifaffen Legas wanda Yarbanci ya zauna a bakinsa, irin waɗanda iyayensu da kakanninsu suka zauna a Agege da Idi-Araba. Sannan a tuna cewa wanda mutanen gari ke kira Bahaushe ya haɗa da Bafulatani da Babarbare da Banufe da mutumin Nijar da Kiristan Arewa, kuma ranar da rigima ta tashi ba a tambayar kowa garinsu, saboda haka suna da haƙƙin kujera a kwamitin.

Daga nan sai kai gaisuwa, kuma a nan ne mafi yawan tarurruka ke gyaruwa ko su lalace tun ba a kafa rumfa ba. Ana farawa da gida: Sarkin Hausawan yankin, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin sana'a. Ba a aika musu saƙon waya, ana zuwa da ƙafa, a gaisa yadda ya kamata, a ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke damun jama'a, ga abin da muka yi niyya, mun zo neman shawara da albarka." Idan Sarki ya ba da wakili ya raka kwamitin zuwa sauran wuraren, rabin aikin ya ƙare, domin akwai tsohuwar hulɗa tsakanin fadarsa da masu sarautar gari wadda matasa ba su san zurfinta ba.

Bayan gida sai masu gari: Bale, wato mai unguwa a wurin Yarbawa, ko fadar Oba, shugaban ƙungiyar raya unguwa da ake kira CDA, Iyaloja da Babaloja, wato shugabannin 'yan kasuwa mace da namiji, idan maganar ta shafi kasuwa, limamin masallacin Yarbawa, da fasto na cocin da ke kusa. A gaida dattawansu da irin ladabin da suka saba, a kira namiji Baba, mace Mama, a bar mai jin Yarbanci ya fara buɗe magana. Abin da ake nema a wurinsu ya wuce su halarta a matsayin baƙi. A roƙe su su zama cikin masu kiran taron, sunan CDA ya fito a takardar gayyata kusa da na kwamitin. Dalilin a fili yake. Idan aka wayi gari aka ga Hausawa ɗari biyu sun taru a fili ɗaya ba tare da maƙwabta sun san dalili ba, kafin la'asar jita-jita ta zaga cewa ana shirya wani abu, kuma taron da aka kira don zaman lafiya sai ya zama abin tsoro. Idan kuwa Bale ya sani, kuma mutanensa suna zaune a ciki, babu mai abin faɗa. Kansilan mazaɓa da ofishin ciyaman su ma a kai musu takarda. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 da ake kira LCDA, saboda haka a tabbatar an san wanda unguwar ke ƙarƙashinsa, kada a kai koken Orile-Agege ofishin da ba shi da hurumi a kai.

Sai batun 'yan sanda. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin taruwa cikin lumana da shiga ƙungiya. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da aka yi tsakanin Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyu, ta yanke cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ɗora musu nauyin ba da tsaro idan an sanar da su taron jama'a. Abin da ake kaiwa ke nan sanarwa, kuma hikima ita ce a kai ta da wuri, kamar mako guda kafin ranar. A rubuta wa DPO na yankin wasiƙa da Turanci mai sauƙi, a faɗi sunan masu kira, da rana da lokacin farawa da na tashi, da wuri, da maudu'i, da kimanin yawan mutanen da ake sa rai, da lambobin mutum biyu na kwamitin. A je da kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata a dawo da shi, sakatare ya riƙe shi a aljihu ranar taron. Idan akwai ɗan unguwa a kwamitin hulɗa da jama'a na 'yan sanda, wato PCRC, a tafi tare da shi. A gayyaci DPO ko wakilinsa ya zauna a taron, ko da koken ya shafi mutanensa, domin gara ya ji da kunnensa a gaban dattawa.

Wurin taro ya zama na kowa: ɗakin taron CDA, harabar makarantar firamare da izinin hukumarta, ko zauren ƙaramar hukuma. Masallaci wuri ne mai kyau na sanarwa, amma wanda ba Musulmi ba zai ji kansa baƙo a cikinsa, ofishin jam'iyya kuwa bai dace ba ko da kyauta aka bayar. Lokaci yana bin sana'ar mutane. 'Yan gwari suna bakin motoci tun asuba, masu abin hawa ba sa barin titi da safe da yamma, kasuwanni suna tsaftar safiyar Alhamis, Juma'a kuma ta masallaci ce. Abin da ya fi dacewa da yawancin unguwanni shi ne Lahadi bayan azahar, lokacin da masu zuwa coci sun dawo kuma cunkoson titi ya yi sauƙi, a tashi kafin magariba. A guji makonnin da ke gab da Babbar Sallah, domin masu dabbobi da mahauta ba za su samu sukuni ba. Idan a watan Yuni ko Yuli ne, a nemi wuri mai rufi.

Kuɗin da ake bukata ba shi da yawa: hayar kujerun roba da rumfa, lasifika, man janareto, ruwan leda, da buga takardu. A yi karo-karo tsakanin 'yan kwamiti da ƙungiyoyin sana'a, ma'aji ya rubuta kowace naira. Shawarata mai ƙarfi ita ce kada a karɓi kuɗin ɗan takara. Wanda ya biya kuɗin rumfa zai so a ba shi lasifika, kuma da zarar hularsa da tutarsa sun bayyana, rabin jama'a za su ɗauka kamfen aka kira su, maƙwabtan da ke wata jam'iyya kuma su janye.

Sanarwa ta fita ta bakin limamai ranar Juma'a, ta coci ranar Lahadin da ta gabata, da saƙon murya a WhatsApp cikin Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, domin da yawa daga cikin mutanenmu sun fi sauraro a kan karatu. Kwamiti ya amince da kalmomin kafin a tura. Kada a haɗa saƙon da hoton gawa ko na wanda aka ji wa rauni, kada kuma a ambaci wata ƙabila a matsayin mai laifi.

Ranar taro 'yan kwamiti su riga kowa zuwa. A jera kujeru yadda ba za a samu Hausawa a gefe ɗaya sauran jama'a a ɗaya gefen ba, kuma a teburin gaba a cuɗanya dattawan ɓangarorin. A keɓe wa mata wuri mai mutunci inda lasifika za ta iya kai musu, kada a tura su can baya inda ba a jin muryarsu. A zaɓi matasa shida ko takwas masu sanyin hali, daga ɓangarorin biyu, su tsaya bakin ƙofa da gefuna, ba sanda ba gora, aikinsu nuna wa mutane wurin zama da lallashin wanda ya fusata. A buɗe da addu'ar liman da ta fasto, kowacce gajeriya. Tafinta ya tsaya kusa da mai magana, ya riƙa fassara jimla bayan jimla, kuma a zaɓi wanda ba ya ƙara gishiri, domin kalma ɗaya da aka fassara da zafi tana iya juya taron.

Shugaban zama ya karanta ƙa'idoji tun farko: minti uku ga kowane mai magana, ba zagi, ba katse wani, ana faɗin abin da mutum ya gani ko ya same shi, wanda ya zo da "an ce" a tambaye shi wa ya ce. A fara da waɗanda abin ya shafa kafin manya su yi jawabi, domin idan aka fara da jawaban manya lokaci yana ƙarewa talaka bai buɗe baki ba. Idan wani ya tashi ya ce "Yarbawa sun yi mana kaza" ko "Hausawa sun yi mana kaza", shugaba ya dakatar da shi cikin ladabi ya ce, "Malam, faɗa mana mutum nawa ne, a wane wuri, a wace rana." Wannan tambayar ita ke mayar da zargin ƙabila ya koma laifin mutane ƙalilan da za a iya nema. Idan murya ta yi sama sosai, a ba da hutun minti goma a sha ruwa, dattawa su keɓe da masu zafin.

Yana da kyau a ware kwata ɗaya na awa ga lauya ya bayyana wa jama'a haƙƙinsu da harshen da suke ji. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin asali, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma doka ta hana a kama ƙane ko mata a madadin wanda ake nema. Mutane da yawa sun shekara ashirin a Legas ba su taɓa jin waɗannan ba.

Amma taron adalci dole ya ji koken maƙwabta ma, kuma a amsa shi da gaskiya. Suna kuka da masu babur da ke bin hannun da ba nasu ba, da shara a bakin kwata, da baƙin fuskoki da ke kwana a kango ba wanda ya san daga ina suke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka inda laifin namu ne a karɓa, a faɗi abin da za a yi, kamar ɗaukar sunayen sababbin zuwa a wurin shugaban sana'a da ƙarfafa musu yin rajistar mazauna jiha ta LASRRA. Muna da abin koyi a Hilful Fudul, yarjejeniyar da mutanen Makka suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an bayan an danne wa wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman kuɗin kayansa, suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarce ta yana matashi kuma ya yabe ta bayan an aiko shi. Liman zai iya tuna wa jama'a wannan cikin minti biyu.

Kafin a tashi, sakatare ya karanta matsayar da aka cimma da ƙarfi, kada ta wuce uku, kowacce da sunan wanda zai bi ta da ranar da zai kawo bayani. Ɗaya daga ciki, ko mene ne maudu'in, ya kamata ta zama kafa 'yan mutane biyar ko shida daga ɓangarori daban-daban waɗanda za su yi musayar lambobin waya a nan take, da sharaɗin cewa duk wanda ya ji labarin faɗa ko kisa zai kira sauran ya tabbatar kafin ya tura wa kowa, kuma su isa wurin tare. A rubuta lambobin gaggawa na jiha, 112 da 767, a manna a masallaci da bakin kasuwa. Ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, wakilan ɓangarori su sa hannu a takardar.

Cikin mako guda a mayar da matsayar takardar koke, shafi ɗaya ko biyu, a haɗa da hujjojin da aka tara, a kai ofishin da ke da hurumi, a karɓo kwafi mai hatimi. Rigimar haya ko bashi ko ta maƙwabtaka tana da wurin zuwa kyauta, wato cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jiha da ake kira Citizens' Mediation Centre, wadda ke aiki tun 1999. Wanda ke tsare kuma ba shi da kuɗin lauya a kai maganarsa ofishin lauyoyin talakawa na jiha, OPD. Cin zarafi daga jami'an tsaro ana kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko sashen karɓar koke na rundunar 'yan sanda. Abin da ya shafi doka ko kasafi kuma a kai wa ɗan majalisar mazaɓar a majalisar dokokin jiha da ke Alausa.

Game da siyasa, taron unguwa ba na jam'iyya ba ne, amma koke yana ƙara nauyi idan masu shi suna da ƙuri'a a inda suke zaune. Dubban mutanenmu suna kwana suna tashi a Legas alhali katinsu na zaɓe yana nuna rumfar ƙauyensu, shi ya sa kansila ba ya ganin dalilin saurarensu. Idan INEC ta buɗe rajista, kwamiti ya taimaka wa masu so su mayar da katinsu zuwa mazaɓar da suke, ya kuma tuna musu cewa zaɓen ciyaman da kansila, wanda hukumar LASIEC ke gudanarwa, ya fi kusa da kwatarsu da kasuwarsu. A shiga CDA, a biya kuɗin wata, a halarci zamanta. Idan za a gayyaci 'yan takara su amsa tambayoyi, a gayyace su duka a rana ɗaya, a ba su lokaci daidai.

Wani lokaci matasa za su ce a fita zanga-zanga. Haƙƙinsu ne, kuma Legas ta ga yadda dandalin Gani Fawehinmi da ke Ojota ya cika a Janairun 2012 kan janye tallafin mai har gwamnati ta rage farashin. Ta kuma ga yadda zanga-zangar EndSARS ta ƙare a Oktoban 2020, da harbin Lekki da ƙone-ƙonen da suka biyo baya. Ga al'ummar da ake yi wa kallon baƙi haɗarin ya ninka, saboda haka a fara ƙure hanyar takarda da ziyara, idan kuma fitar ta zama dole a yi ta tare da maƙwabta, da rana, da sanarwa ga 'yan sanda, da hanya da lokacin tashi da kowa ya sani.

A sa ranar zama na biyu tun kafin a watse daga na farko, tsakanin mako huɗu zuwa shida. Ba ya bukatar rumfa ko lasifika. Kwamiti da wakilan maƙwabta da waɗanda aka ɗora wa aiki sun isa. Sakatare ya buɗe da karanta matsayar da aka sa wa hannu, kowane mai aiki ya faɗi ofishin da ya je da wanda ya gani da amsar da aka ba shi, ya nuna kwafin mai hatimi. Inda ba a samu amsa ba a rubuta wasiƙar tuni mai ɗauke da kwanan watan ta farko, a ƙara mutum ɗaya daga cikin dattawan gari a tawagar da za ta kai ta. Abin da aka samu, komai ƙanƙantarsa, a sanar da jama'a ta hanyoyin da aka bi aka gayyace su, da harsunan nan uku.